Shekarar Da Aka Kwaikwayi Babana

Jikokina idan sun zo hutu sai su zube a tsakar gida kamar an shanya barkono, kowa ya kifa kai a kan wayarsa. Can sai ka ji ɗaya ya tuntsire da dariya shi kaɗai. In ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Ba komai, Hajiya, wani abu na gani." Wai dariya ke nan! Mutum ya yi abarsa, na kusa da shi bai san dalili ba. A zamaninmu wanda aka gani yana dariya shi kaɗai, wurin malam ake zuwa a karɓo masa rubutu. Mu dariyarmu ta gari ce. In aka tashi yin ta, daga mai goyo har mai dogara sanda tare ake yi, a kwana a tashi ana maimaita ta a bakin rijiya har wata kakar ta zagayo.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance, rannan ne na ji wani yaro a rediyo yana ba da tarihin marigayin nan mai ban dariya na talabijin. Duk wanda ya yi wayo lokacin da hoton akwatin yake baƙi da fari ya san shi. Zai fito da riga ɗaya da hula ɗaya, ya gyara zaman hular, sai ga ɗan kwangilar da ke gina gada da baki. Ya sake karkata ta, sai ga ma'aikacin ofis mai cewa a dawo gobe. Shi ne kuma mai shafin nan a jarida inda jaki da akuya ke zaman majalisa. An sha dakatar da shi, an sha dawo da shi, don in babu shi mutane kashe akwatin suke yi su fita hira. Bai taɓa zagin kowa ba, amma manya sun fi tsoron ya ƙura musu ido da a zage su. To, yaron rediyon nan sai ya ce wai a gidan rediyo ya fara. Na ja tsaki har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Wane gidan rediyo? A filin kalankuwar garinmu ya fara, a kan idona, kuma a kan ubana. Sunan da kuka san shi da shi ma daga baya ya samo shi. Mu Ɗan Masaƙa muke ce masa.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Burumburum da bakin dajin Falgore, inda gonar ƙarshe take kallon kurmi. Turawa na nan ba su tafi ba, amma ana ta raɗe-raɗin sun kusa. Ba mota sai ranar da lori ta zo kwasar gyaɗa, ba agogo sai zakara da ladan. Abin da ke tashin ka da safe luguden mata ne, wannan gida ya amsa wa wancan, sai kukan shanun Fulani suna gangarawa mashaya, sai muryar masu tallar nono. In hantsi ya yi kuma, daga gindin tsamiyar bakin hanya za ka ji ƙwas-ƙwas ɗin masaƙa, ƙoshiya na kai da komo cikin zare. Ni aikina a gida surfe da ɗebo ruwa da kaɗi, kuma Inna ba ta san wata kalma wai ita gajiya ba. Yanzu inji ke niƙa, famfo ke kawo ruwa, amma yaran nan kullum cewa suke sun gaji. Lokacin da muka fi so shi ne kaka. Gari ya ɗauki ƙamshin tumu, kabewa ta hau kan kowane ɗaki, jakuna na shigowa da dami ba a ganin kunnuwansu, yaro ya ci ya ƙoshi har ya manta inda ya yar da wandonsa.

Idan aka gama ɗaure dawa aka zuba a rumbu, sai samari su sa ranar kalankuwa. Yaran yanzu ba su san ta ba, bari in faɗa. Wasa ne da samarin gari ke naɗa wa kansu sarautu, su kafa tasu hukumar a fili bayan la'asar, gari duk ya fito kallo. Akwai mai yin dagaci, akwai alƙali, akwai 'yan doka da kulake na kara. Wanda aka ba Di'o, wato Baturen mulki, sai ya shafe fuska da farar ƙasa, ya kifa ƙoƙo a ka, ya riƙa magana ta hanci yana tambayar akuya sunan ubanta. Akwai duba-gari mai leƙa randunan mutane yana yamutsa fuska. Kuma ba sarautar kawai ake yi ba, mutumin ake yi, da tafiyarsa da tarinsa da yadda yake susar gemu. Dokar wasan ɗaya ce, kakata ta ce ita ma haka ta tarar: wanda aka kwaikwaya ba ya fushi. Ranar ce kaɗai a shekara da yaro zai nuna wa babba abin da ba ya gani a jikinsa. Yana zaune a gaba a kan buzunsa za a yi shi, ya dara, ya jefa goro. Dagacinmu da kansa na ga ya yi dariya har rawaninsa ya warware, wani bafade na bi yana tattarawa.

A nan Ɗan Masaƙa ya gagara. Siriri ne, ba shi da wani kyau da za a faɗa, kuma ba mai surutu ba ne. Tun yana ƙarami yake zaune a masaƙar ubansa a bakin hanya, hannu na aiki, ƙafa na aiki, ido kuwa na kan duk mai wucewa. Garin kaf ta gabansa yake bi, mai zuwa gona da mai zuwa masallaci da mai zuwa kasuwa, shi kuwa yana kwashewa. Wallahi abin nasa har tsoro yake ba ni. Zai yi maka lori tana hawan tudu a hanyar Doguwa, har inda take shaƙewa yaron mota ya diro ya sa mata weji. Zai yi kukan ɗan akuya, uwar ta taho a guje. Ya taɓa tsayawa a bayan dangar wani gida ya yi gyaran muryar maigidan, sai ga matar ta fito da ƙwaryar fura, alhali mijin na can kasuwar Tudun Wada. Da motar majigi ta zo mana, washegari ya maimaita abin da aka nuna kaf, har da ƙarar injin da inda hoton ya tsinke. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci shi ya fara shiga, a nan ya koyi bokon da daga baya ya riƙa yi wa manya tsiya da shi a jarida. Amma yana da ƙa'ida. Ba ya yin gurgu, ba ya yin makaho, ba ya yin mai in'ina. Yakan ce shi abin da mutum ya yi wa kansa yake kwaikwaya, wanda Allah ya yi masa ba ruwansa.

To, wannan mutum shi ne ya ce yana so na, ni ma kuma ban ƙi ba. In faɗa muku gaskiya ma, in na doso masaƙarsu da tulu a ka, nauyin tulun raguwa yake. In ya zo zance ƙawayena ba sa tafiya, sai sun sa ya yi musu ni, yadda nake murguɗa baki in an aike ni, ni kuma in bi shi da takalmi. Dattijansu suka zo, aka kawo kayan gaisuwa. Baba ya karɓa yana ɓata rai, don a ganinsa namijin da ke zaman inuwa da damina rabin namiji ne. Aka tsayar da magana sai bayan kaka. Daga ranar kuwa kunya ta shiga tsakaninsu, irin ta da, ba irin ta yanzu ba da yaro zai miƙa wa uban matarsa hannu yana tsaye ƙiƙam. In ya hango Baba tafe sai ya cire takalmi ya tsuguna tun daga nesa, ko ya saki hanyar gaba ɗaya ya faɗa gona. Ba ya cin abinci inda Baba yake, ba ya ɗaga ido ya dube shi, ba ya kama sunansa ko na mai irin sunansa.

Babana shi ne Sarkin Noman garin. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya fi fako tauri. Yana tafe hannun hagu a baya, garma a kafaɗar dama. In zai yi magana sai ya yi gyaran murya, ya dubi sama kamar mai duba hadari, sannan ya faɗi abin da zai faɗa. Ni dai ban taɓa ganin haƙoransa ba. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma in ya ƙulla abu a ransa sai Allah. Ko a kalankuwa samari tsoronsa suke, wanda aka ba Sarkin Noma yakan ɗauki garma ne kawai ya zagaya fili ya koma ya zauna. Kuma a hannunsa gayya take. Ba a fita gayya gonar kowa sai Sarkin Noma ya aika wa makaɗi ya buga gangar noma. In ganga ba ta yi kuka ba, ba saurayin da zai ɗauki fartanya.

Baba na da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, Baffanmu, gidansa na kan hanyar gonarmu, daura da masaƙa. Sun ɓata a kan wata ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu, wai wa zai kaɗe ta. Ɗorawa fa! Aka yi musayar magana, Baffa ya faɗi wadda ba ta dace ba a gaban mutane, Baba ya ɗaura gaba da shi. A daminar shekarar nan sai kurkunu ya kama Baffa ƙafa biyu. Ku da kuke shan ruwan leda ba ku san kurkunu ba. Tsutsa ce doguwa kamar zare da ke fitowa daga ƙafar mutum, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, kuma ba ta tashi kama mutum sai lokacin noma. Ta Baffa ɗaya ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura suntum. Ya zube a ƙofar zaurensa, 'ya'yansa ƙanana, ciyawa ta haɗiye gonar. Irin wannan ai dominsa aka yi gayya. Gari ya kasa kunne, ganga shiru. Liman ya je ya yi wa Baba nasiha, Baba ya yi gyaran murya ya dubi sama ya ce, "Malam, ni ban hana kowa zuwa ba." Ya san kuwa ba mai zuwa. Da kaka ta yi, mu muna ɗaure dami har rumbu ya ƙi ɗauka, matar Baffa na bin gonakin mutane tana kala. Inna takan zuba tsaba a ƙwarya ta rufe da dusa ta ce in kai musu, in Baba ya tambaya in ce ta akuya ce. Kowa na magana a ɗaki, ba mai yi a fili.

Da aka zo rabon sarautun kalankuwa, sai sarkin samari ya ce Ɗan Masaƙa ne zai yi Sarkin Noma. Har gobe ban sani ba ko shaƙiyanci ne ko da wata manufa ya yi. Labari ya iske ni a bakin rijiya, na bar gugana nan na tare shi a hanya.

"Da gaske ne abin da na ji?"

"Da gaske ne, 'yar Sarki." Haka yake kira na.

"Ka haukace ne? Surukinka fa! Wa ka taɓa ji ya yi surukinsa a fili?"

"Kalankuwa ce. A gaban kowa aka ba ni."

"To ka ce cikinka na ciwo. Ko ka yi shi sama-sama yadda ake yi, ka ɗauki garma ka zagaya ka zauna."

Ya murza wani guntun zare a yatsa. Can ya ce, "Ban iya sama-sama ba. In na shiga mutum gaba ɗayansa nake shiga." Ya ƙara da cewa, "Kullum ina zaune ina kallon ƙofar Baffanki. Abin ya tsaya mini a wuya."

Na ce, "To ya tsaya maka! In Baba ya fasa, wa zai sha wuya, ni ko kai?"

Ya ce, "Mu biyu."

Na koma rijiya ina ja ina kuka, rabin ruwan a ƙasa yake zubewa.

Ranar kalankuwa fili ya cika maƙil, har daga ƙauyukan kusa an zo, Fulani sun jingina da sandunansu a gefe. Mu 'yan mata mun sha lalle mun jeru a bayan makaɗa. Dattijai na gaba, Baba a tsakiyarsu, hannu a kan gwiwa. Aka yi Di'o, aka yi alƙali ya yanke wa zakara hukunci, ana ta shewa. Ni kuwa idona na kan Baba. Sai kalangu ya canza, aka buɗe hanya.

Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku ba. Ba riga ya aro ba, ba gemu ya liƙa ba, garma ce kawai a kafaɗarsa. Amma siririn yaron nan da na sani, sai ga shi ya cika fili. Kafaɗa ta buɗe, wuya ya yi kauri, hannun hagu ya koma baya, ƙafa na sauka kamar ƙasar tasa ce. Na dubi Baba a zaune, na dubi Baba a tsaye, tsikar jikina ta tashi. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "La'ilaha illallahu, yaron nan ba shi kaɗai ba ne." Ya yi gyaran murya ya dubi sama, fili ya ɗauki ihu. Ya tsaya kamar a gonar wani yana duba aiki, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan noma ne ko susar ƙasa?" Maganar Baba ce sak, ba wanda bai sha ta a gonarsa ba. Mutane na faɗuwa a kan juna. Har na ga gefen bakin Baba ya motsa, na ce a raina, alhamdu lillahi, mun tsira.

Sai ya ajiye garmar. Ya zame ƙasa, ya jingina da iska kamar bango ne, ya miƙe ƙafafu. Kafin ka ce me, fuskar ta rame, ya ɗauki tsinke yana naɗe abin da babu a idon sawunsa, yana cije leɓe. Baffa ne. Dariya ta fara raguwa. Ya ɗaga kai kamar ya ji takun wani, fuskarsa ta ɗan yi haske, ya yi ƙoƙarin gyara zama, ya ce da wata 'yar murya, "Yaya, barka da asuba." Sai ya miƙe zumbur ya ɗauki garma ya zama Baba, ya taho, ya zo daidai wurin, ya yi gyaran murya, ya dubi sama yana neman hadari, ya wuce. Ya koma ƙasa. "Yaya, barka da yamma. Ya aiki?" Ya tashi, ya dubi sama, ya wuce. Ya sake komawa ƙasa. Wannan karon bai ce komai ba, bakin kawai ya buɗe, ya bi bayan mai wucewa da ido har ya ɓace, sannan ya sunkuya ya ci gaba da naɗe tsinkensa.

Makaɗi ya manta da kalangu a hammatarsa. Duk cikar filin nan kana jin kurciya a kan tsamiya. Na ga ƙattin maza sun sunkuyar da kai, don ba Baba kaɗai aka yi ba, duk wanda ya zauna jiran ganga an yi shi. Ni dai ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma har na tsufa ban sake gani ba, ko a talabijin ɗin. Ina jin haushinsa, ina jin tsoron abin da zai biyo baya, amma wallahi a lokacin nan na san Allah ya ba mutumin nan abin da bai ba kowa ba a ƙasarmu. Baba ya miƙe a hankali, ya naɗe buzunsa da kansa. Bai jefa goro ba. Ya ratsa mutane ya tafi gida.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce dokar kalankuwa ta hau kan kowa, Sarkin Noma ne ya karya al'ada da ya tashi da fushi. Wasu suka ce ba wasan da ya kai surukuta, yaron da zai iya tsayawa ya yi uban matarsa a bainar jama'a ba shi da ta ido. Tsofaffi suka yi ta tunani, ba wanda ya tuna inda al'adun nan biyu suka taɓa yin karo, sai a kaina. Gidanmu kuwa kamar an yi mutuwa. Dattijan masaƙa suka zo ban haƙuri, suka zauna a ƙofar gida har rana ta take, Baba bai fito ba. Ya ce wa Inna ta haɗa kayan gaisuwar nan wuri ɗaya. Inna ta haɗa su a kwando tana sharar hawaye, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, duk wucewar da zan yi sai na gan su. Na ji haushin Baba, na ji haushin Ɗan Masaƙa, na ji haushin ɗorawa, har daddawa na daina sawa a miya.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Baba ya aika a kira shi, shi kaɗai ba dattijo. Na ajiye tankaɗe na laɓe a bayan zanan da ke jikin zaure. Inna ta harare ni, amma ita ma ta matso. Ya shigo ba takalmi, ya tsuguna can bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya yi gaisuwa. Baba bai amsa ba. Ya ce, "Tashi ka sake yi."

"Baba, a gafarce ni."

"Na ce ka sake. Ba na farkon ba, na ƙofar gidan."

Ta hudar zana na ga ya miƙe. Ya ɗauki sandar Baba a madadin garma. Ya yi shi daga farko har ƙarshe a ɗan zauren nan, mai kallo ɗaya. Da ya gama ya koma ya tsuguna.

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce, "Gaisuwar nan, kai ka ƙara ta don wasa ya yi daɗi?"

"Wallahi ban ƙara ko kalma ba, Baba. Safe da yamma yake yi. Daga masaƙa ina ji."

"Har yanzu?"

"Ya daina tun da aka fara girbi. Yanzu bakin kawai yake buɗewa."

Na ji Baba ya ja dogon numfashi. Ya ce, "To, ji nan. Ka rantse mini ka bar kwaikwayo har abada, ka kama saƙarka, in ba ka yarinyar nan."

Zuciyata ta ce, rantse mana, rantse! Me ke cikin kwaikwayo, tuwo ne? Shi kuwa sai ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ina son ta, Allah ya sani. Amma in na rantse zan yi kaffara. Ba ni nake sa kaina ba. Ko na rufe bakina, idona ba zai daina gani ba. Ba zan shigo gidanka da ƙarya ba."

Baba ya ce, "Tashi ka tafi."

Na koma kan turmi na riƙa narkar dawa har Inna ta ƙwace taɓaryar ta ce zan fasa mata turmi. Ni dai na riga na sallama.

Washegari muna shara sai muka ji Baba na cewa a kawo tsani. Ya hau rumbu da kansa, ya buɗe, ya zaro wani ƙaton damin dawa ya jefo. Yayyena maza suka ruga za su ɗauka, ya daka musu tsawa. Ya naɗe gammo ya ɗora damin a kansa. Sarkin Noma fa, mai samarin gari a ƙarƙashinsa, da dami a ka kamar ɗan dako! Ya fita, mu kuma muka bi shi nesa-nesa. Mata na leƙe ta kan danga, masaƙa suka tsayar da ƙoshiya. Ya isa ƙofar Baffa, Baffa na zaune inda yake zama, ya rame kamar kara. Baba ya sauke damin. Ya yi gyaran murya, kansa ya fara ɗagawa sama yadda ya saba, sai na ga ya danne shi da ƙarfi ya dawo da shi, ya dubi ƙanensa cikin ido ya ce, "Barka da asuba. Ya ƙafar?" Baffa ya buɗe baki zai amsa, kuka ya ƙwace masa. Baba ya juya ya ɗauko wani damin, ya sake komawa, bai bar kowa ya taya shi ba har rana ta yi zafi.

Da ya dawo ya zauna shan fura, idonsa ya faɗa kan kwandon nan a bakin ƙofa. Ya ce wa Inna, "Kayan nan me suke yi a rana?"

Inna ta ce, "Kai ka ce a haɗa."

"Mayar da su ɗaki. A gaya wa masaƙa su zo a sa rana."

"Ai bai rantse ba."

"Na ji da kunnena. Mayar da su ɗaki na ce."

Ni ina bayan rumbu, na zauna daɓas cikin ƙaiƙayi ban ko ji ba.

Haka na zama matarsa. Na bi shi birni lokacin da aka neme shi, na zauna da shi da daɗi da wuya har Allah ya karɓi abinsa. Amma abin da har yau nake jinjinawa ba auren ba ne. Bayan biki da ɗan lokaci, muna dawowa daga gona ni da shi a wata siririyar hanya, sai ga Baba tafe. Maigidana ya cire takalmi zai tsuguna yadda ya saba. Kafin gwiwarsa ta kai ƙasa Baba ya saki hanya ya faɗa daji, ƙaya na kama masa riga, ya zagaye mu ta can nesa. Muka tsaya baki buɗe. Tun daga ranar haka suka zauna, in wannan ya shigo ta zaure wancan ya fice ta bayan gida. Duk ƙasar nan ban taɓa jin inda uban mace ke kauce wa mijin 'yarsa ba. Abin ya ishi Inna, wata rana ta ce masa, "Wai Sarki, yaron nan ne zai ji kunyarka ko kai za ka ji tasa? Ka ba shi 'ya kuma kana gudunsa?"

Baba ya ajiye ludayi ya ce, "Yaron nan ya gan ni ciki da waje. Da wane ido zan dube shi?"

Ba su taɓa haɗa ido ba kuwa. Da ciwon ajali ya kama Baba muka zo gida dubiya, maigidana yana zaure ya kasa shiga. Ga 'ya'ya maza a gefen shimfiɗa, ga liman, ga Baffa riƙe da hannunsa. Baba ya jawo Baffa kusa ya ce, "In na cika, mijin yarinyar nan ne zai yi mini wanka. Ba abin da ya rage da zan ɓoye masa."

Shi kuwa ya yi masa.